Kwana Huɗu a Gombe Cikin Hazo, da Abin da Na Gani a Jikin Ganyen Maina

Hazo ne ya raka ni tun daga Bauchi har Gombe. Na fito da sanyin safiyar wata Alhamis a tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kai matuƙa, duwatsun da suka kewaye garin Bauchi duk sun ɓace, rana kuwa ta fito fara fat kamar faifan azurfa, har mutum yana iya kafa mata ido ba tare da ya ƙifta ba. Dalilin tafiyar shi ne kiran da yayata, wadda dukanmu muke ce wa Adda, ta yi mini kwana uku kafin nan. Jikanta ɗan shekara shida yana fama da tari da sarƙewar numfashi duk lokacin da sanyi ya shigo, an kai shi asibiti an ce asma ce, an ba shi maganin shaƙa, to amma shawarwarin maƙwabta sun raba mata hankali. Wasu sun ce ta sare bishiyar maina, wadda a wasu wurare ake kira darbejiya ko dogon yaro, da ke ƙofar gidanta domin ita ce ke tara ƙura, wasu kuma sun ce ta ƙara dasa wasu goma. Ta san na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ta kuma san cewa tun da na ajiye alli babu abin da nake bibiya kamar binciken masana a kan itatuwan cikin gari da iskar da mutane ke shaƙa. "Malam," in ji ta, "gani ya kori ji. Ka zo ka duba da idonka, kada in sare abin da zan zo ina da-na-sani."

Tsakanin Bauchi da Gombe tafiyar kimanin kilomita 150 ce, kuma na yi sa'ar samun kujerar gaba. Da muka ƙetare gadar Dindima a kan kogin Gongola, inda hanyar Yankari take ɓallewa ta yi kudu, sai na fara lura da buhunan gawayi jere a bakin titi, kowane an toshe bakinsa da ciyawa an ɗaure da igiya, ga kuma tarin faskare a gefensu. Na daɗe ina bin wannan hanya, kuma a iya tunanina ban taɓa ganin yawansu ya kai haka ba. Direban ya ce tun da iskar gas da kananzir suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa da suka bar gawayi sun koma masa, kuma shi kansa ba ya dawowa daga Gombe ba tare da ya saya wa iyalinsa buhu ɗaya ba. Ya ce gawayin kirya ne aka fi nema saboda ƙarfin wutarsa, sai dai yanzu sai an nutsa daji sosai kafin a sami kirya mai kauri. Ban ga laifinsa ba, domin tukunya ba ta jiran kowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bishiyar da aka sare a dajin Alkaleri ita ce za ta shiga birni a cikin buhu, ta fita ta tagar madafi a matsayin hayaƙi, ga asarar daji ga asarar huhu.

Wani matashi da ke zaune a baya, sanye da takunkumi, ya tambaye ni ko wannan hazon hayaƙin ƙona daji ne. Na ce masa akwai hayaƙi a ciki, amma mafi yawansa baƙo ne daga nesa. A ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tafkin Cadi, akwai wani wawakeken kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can ƙasan wani babban tafki ne. Ruwan ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, kuma idan iskar arewa maso gabas ta matso ta tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi sai ta kwashe ta ta yi sama da ita. Masana suna lissafa wurin a cikin manyan matattarar ƙura ta duniya baki ɗaya. Daga watan Nuwamba zuwa Maris wannan ƙura take sauka a kanmu, har wani kaso nata yana ƙetare tekun Atilantika. Na faɗa masa haka ne domin tun daga cikin motar na fara shirya wa kaina amsar da zan ba Adda, kuma farkon amsar shi ne cewa babu bishiyar da za ta tare hazon da ya taso daga Cadi ya rufe sama baki ɗaya.

Bayan mun wuce filin jirgin sama na Lawanti muka shigo Tumfure, daga nan hanya ta fara gangarawa, na roƙi direba ya sassauta domin in kalli garin. Gombe a cikin kwari take zaune, tudu ta yamma, duwatsu ta gabas, kamar tuwo a cikin akushi. A shekarar 1919 aka dawo da hedikwatar masarautar nan daga Nafada, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin jiha bayan an cire Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, kuma tun daga lokacin yake ta faɗaɗa yana hawa tudun da a da gonaki ne. Daga sama na ga wani abu da duk wanda ya koyar da labarin ƙasa zai gane nan take. A ƙarƙashin farin hazon akwai wani shimfiɗaɗɗen hayaƙi mai duhu-duhu kwance a kan rufin gidaje, bai tashi ba, bai watse ba. Da daren hunturu iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a cikin kwari, mai ɗumi ta hau kanta ta zama kamar murfi, sai hayaƙin murhu da na salansa da na shara su rasa hanyar fita har sai rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa.

Gidan Adda yana bakin wani babban titi ne a cikin gari, inda 'yan acaba da Keke Napep da manyan motocin da ke wucewa Yola ba sa yankewa daga asuba har dare. Bayan mun gaisa an kawo mini fura da ruwan alwala, sai aka turo mini jikan. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, sannu da zuwa," ina jin wani siririn fito a ƙirjinsa duk lokacin da ya ja numfashi. Na ɗora tafin hannuna a bayansa, na ji yadda kafaɗunsa suke ɗagawa suna taya shi aikin da huhu kaɗai ya kamata ya yi. Duk alƙaluman da na karanta a kan gurɓatar iska ba su taɓa yi mini nauyin da wannan fito ya yi mini ba.

Washegari bayan sallar asuba na fita ƙofar gida da farin hankici. Mainar babba ce, mijin Adda marigayi ne ya dasa ta, rassanta sun yi laima a kan dakali, amma daga ƙasa zuwa kusan tsayin mutum biyu babu komai sai kututture. Na janyo wani reshe da ke fuskantar titi na shafi ganyensa, hankicin ya ɗauko ƙura iri biyu: wata ja-ja mai gari-gari wadda na busa ta tashi, da wata baƙa mai maiƙo wadda ta manne a zare ta ƙi fita. Na zaga na shafi reshen da ya leƙa cikin tsakar gida, jar ƙurar tana nan kamar ta waje, amma baƙar ta ragu ƙwarai. Na kira Adda na nuna mata. Na ce jar ta Allah ce da ta titin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, baƙar kuwa tamu ce, daga salansa da janareto da tayar da ake ƙonawa take fitowa. Ta juya hankicin a hannunta ta ce, "Ashe wannan muke haɗiya." Na ce abin da ya fi wannan haɗari ma ido ba ya ganinsa.

Masana suna rarraba ƙurar iska ne bisa girman ƙwayarta. Wadda suka fi tsoro ita ce wadda suke kira PM2.5, wadda silin gashin kai ya fi ta kauri kusan sau 30, domin gashin hanci ba ya tare ta, tana wucewa can cikin huhu, wata ma har cikin jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da take ganin ta dace daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin lissafin shekara, kuma hukumar ta ce kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a inda iska ba ta cika sharuɗɗanta ba. Ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacin da aka saba a shekarar 2019. Ganye yana taimakawa ta hanya biyu. Ƙura tana manne wa fatarsa, musamman idan yana da gashi-gashi ko kaushi ko danƙo, sannan ƙananan ƙofofin da yake numfashi da su suna zuƙe wasu iskoki masu guba irin wadda injin dizal ke fitarwa.

Tambayar da masu bincike suka fara yi ita ce, nawa ne itatuwa suke kwashewa? Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne David Nowak, wanda ya yi aiki a hukumar gandun daji ta Amurka, ya kuma jagoranci samar da manhajar i-Tree da birane da yawa suke ƙidaya amfanin itatuwansu da ita. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2014, sun lissafa cewa itatuwan Amurka sun cire tan miliyan 17.4 na gurɓataccen abu daga iska a shekarar 2010, abin da ya kare rayuka sama da 850. Adadin yana da girma a kunne, amma binciken nan dai ya nuna cewa gyaran da wannan ya yi wa iskar ƙasar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Na tuna ranar da na fara karanta wannan, jikina ya yi sanyi, domin na shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa bishiya ita ce matatar iskar gari. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta kai girman da muke ba ta ba, kuma ina ganin wajibi ne masu son itatuwa su riƙa faɗin haka da bakinsu.

Wannan sakamako ne ya karkatar da akalar binciken. Maimakon a tambayi abin da itatuwa suke yi wa sararin gari duka, sai aka koma tambayar abin da tsiro yake yi a 'yan takun da ke tsakanin salansa da hancin mutum. A garin Lankasta na Ingila, Barbara Maher da abokan aikinta sun jera ƙananan itatuwa masu ganye mai gashi a gaban wasu gidaje da ke bakin titi na kusan mako biyu, suka bar wasu gidajen babu komai, sannan suka goge fuskar talabijin ɗin kowane gida suka auna ƙurar da ta taru. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna ƙurar cikin gidajen da aka kare ta ragu da fiye da rabi. A jami'ar Surrey kuma, Prashant Kumar da tawagarsa sun tattara bincike masu yawa suka fito da wani bambanci da ya kamata duk mai tsara gari ya haddace. A titi mai faɗi wanda iska ke ratsawa, shinge mai kauri wanda ya faro tun daga ƙasa ba tare da giɓi ba yana rage abin da ke isa ga mai tafiya a ƙafa da mazauna gefen titi. A titi matsattse kuwa, mai dogayen gine-gine hagu da dama, manyan itatuwan da rassansu suka haɗe a sama suna iya zama murfi, su hana hayaƙi tashi, iskar da ke ƙasa ta ƙara lalacewa.

Da wannan ido na zaga gari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni da ɗan Adda, mahaifin yaron, a kan babur ɗinsa. Muka bi ta Jekadafari da Bolari, muka leƙa Pantami, muka dawo ta wajen babbar kasuwa. Yawancin titunan Gombe masu faɗi ne, gine-ginen gefensu ba su cika wuce bene ɗaya ko biyu ba, saboda haka matsalar murfin nan ba ta da yawa sai a 'yan layukan kasuwa inda rumfuna suka matse hanya. Abin da na rasa a ko'ina shi ne shinge. Akwai itatuwa, musamman a tsofaffin unguwannin ma'aikata inda maina da madaci suka yi layi, amma duk an datse rassansu na ƙasa, ganyen yana can sama, hayaƙin acaba kuwa a daidai gwiwa yake fita, wato daidai fuskar yaro ɗan firamare. Na tsaya a gaban wata makaranta da katangarta ta rushe ta gefen titi, yara suna wasa taku kaɗan daga inda Keke Napep suke layi injinansu a kunne. Da za a ba ni zaɓi tsakanin dasa itace dubu a bayan gari da kafa shinge mai tsayin mita biyu a wannan wuri, da shingen zan fara.

Ɗan Adda ya ce, "Kawu, to wace bishiya ce ta fi?" Wannan ma fage ne da bincike ya zurfafa a cikinsa. Wasu itatuwa suna fitar da wani tururi daga ganyensu, wanda idan ya haɗu da hayaƙin mota a cikin zafin rana yake haifar da iskar ozon a kusa da ƙasa, ita kuwa tana ƙona hanyoyin numfashi. Itacen turare, wanda muke dasawa da yawa saboda saurin girmansa, yana cikin masu fitar da wannan tururi sosai, ga shi kuma da shan ruwa, don haka ba shi ne zan kai bakin titi mai cunkoso ba. Sai dai akwai wani abu da na lura da shi a duk abin da na karanta: mafi yawan binciken a Turai da Amurka da Sin aka yi shi, a kan itatuwansu da yanayinsu. A can ruwan sama yana wanke ganye lokaci zuwa lokaci, ya sauke ƙurar ƙasa, ganyen ya sake ɗaukar wata. Mu a nan muna yin wata biyar ko fiye babu ɗigon ruwa, a daidai lokacin da ƙura ta fi yawa, ganye ya cika ya toshe, iska ta kaɗa ta sake tayar da abin da ya tara. Kuka tana tsaye tsirara duk rani. Tsamiya da mangwaro suna riƙe ganyensu, maina ma tana riƙewa mafi yawan lokaci, gawo kuwa da rani yake fitar da nasa ya zubar da damina. Wanne ne a cikinsu ya fi kama ƙura, kwana nawa ganyensa yake yi kafin ya ƙoshi, wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, domin babu wanda zai zo daga Ingila ya auna mana ganyen tsamiya.

A hanyarmu na ga dashe da yawa a tsakiyar tituna da gefensu. A shekarar 2019 gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green, wanda ake yi wa laƙabi da 3G, da burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara har shekara huɗu, kuma Gombe da Bauchi duk suna cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Wasu dashen sun kama har sun fara inuwa, na yi murna da ganinsu. Wasu wuraren kuwa kejin kariya ne kawai a tsaye, cikinsa busasshen tsinke. Na tsaya wurin wani dattijo mai sayar da dashe a bakin hanya, ledoji baƙaƙe jere a ƙarƙashin rumfar zana, yana yayyafa musu ruwa da gwangwanin da ya huda wa gindi. Na ce, "Baba, me ke kashe dashe a garin nan?" Ya ce, "Malam, abu uku ne: akuya, watan Maris, da rashin mai shi. Ranar dashe kowa yana nan, ranar ban-ruwa sai ka nemi mutum ka rasa." Maganarsa ta tuna mini da Firitawun, babban birnin Saliyo, inda magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta fara shirin dasa itace miliyan ɗaya a 2020. A can kowane dashe ana ɗaukar hotonsa da waya a sa masa lamba, kuma ana biyan mazauna unguwa ne bisa kulawar da suke yi masa yana raye. Da na ba dattijon labari sai ya ajiye gwangwaninsa ya ce ai wannan shi ne maganar.

Ba a zaga Gombe ba tare da an ci karo da kwazazzabo ba. Ƙasar garin yashi ce mai saurin zaizayewa, ruwan da ke gangarowa daga tudun yamma ya tsaga unguwanni ya ci gidaje, kuma an kashe kuɗi masu yawa, har da na Bankin Duniya, wajen ɗaure wasu daga cikin manyan kwarurrukan da kankare. Na tsaya a bakin ɗaya na ga shara tana ci da wuta a cikinsa, hayaƙin leda yana bin kwarin yana shiga gidaje. Birnin Stuttgart na Jamus shi ma a cikin kwari yake, kuma shekaru da dama ke nan mahukuntansa suna hana gini a wasu gangaren tudu da kwaruruka, suna barinsu da itatuwa da ciyawa, domin ta nan iska mai sanyi take gangarowa da dare ta kore gurɓatacciyar da ta kwanta a tsakiyar gari. Ina tsaye a wurin ina tunanin cewa kwazazzaban nan da muke ɗauka masifa kawai, idan aka daina zuba musu shara aka dasa gefensu, saiwa za ta riƙe ƙasa, su kuma su zama hanyoyin da garin zai riƙa shan iska.

Ranar Asabar muka kama hanyar Dadin Kowa, inda madatsar ruwa take a kan Gongola da kuma kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu, domin a can dashe ya fi araha. Muka yada zango a dajin Kanawa, wanda ba shi da nisa da gari. Da muka shiga ƙarƙashin itatuwan sai na ji sanyi mai laima ya sauka a fuskata, ƙurar da ke cikin maƙogwarona ta lafa, ƙarar titi ta koma kamar daga wani gari take zuwa. A nan ne na tuna cewa ko da amfanin itace wajen tace iska bai kai yadda ake zato ba, amfaninsa wajen rage zafi ba shi da shakka. Wani bincike da aka buga a 2023 a kan birane 93 na Turai ya ƙiyasta cewa da inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na kowane birni, da an kauce wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen da ƙarin zafin birni ke jawowa. Wanda ya san Gombe a watan Afrilu ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Da daddare na zauna da Adda a tsakar gida, na ce mata akwai maganar da ta fi ta bishiya nauyi. Tun ranar da na iso na lura cewa madafinta ba shi da taga sai wata 'yar ƙofa, bangonsa ya yi baƙi ƙirin, kuma da sanyin safiya jikan a nan yake zama kusa da murhu yana jin ɗumi. Janareton maƙwabci kuma yana jingine da katangar ɗakin da yaron yake kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, mafi yawansu a gidajen da ake girki da itace da gawayi. Na ce, "Adda, ko da za mu kewaye gidan nan da daji, muddin yaron nan yana zama a bakin murhu, ba mu yi komai ba." Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ta daɗe tana jin ƙirjinta yana mata nauyi bayan girki, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Muka yanke shawarar a fasa taga babba a madafin, a sayi murhu mai tsimin gawayi, a riƙa girki a fili idan babu iska, ɗanta kuma ya je da ladabi ya roƙi maƙwabcin ya matsar da janareton.

Mainar kuwa na ce kada a taɓa ta. Titin yana da faɗi, ba ta toshe komai ba, tana ba da inuwa, kuma hankicina ya nuna tana ɗaukar rabonta. Abin da ya rage shi ne giɓin da ke ƙarƙashinta. Mun sayo dashen lalle guda arba'in daga Dadin Kowa, domin lalle yana jure fari, yana yin duhu tun daga ƙasa idan ana aske shi, kuma iyayenmu sun daɗe suna shinge da shi. Adda ta so a haɗa da zogale, na ce a kai zogalen bayan gida, domin ganyen da za a ci bai kamata ya zama matarin hayaƙin titi ba. Akwai wata ƙa'ida da masanin itatuwan birni Cecil Konijnendijk ya gabatar a 2021, cewa kowane mutum ya iya hango itace 3 daga gidansa, unguwarsa ta sami inuwar kashi 30 cikin 100, kuma kada nisansa da wurin shaƙatawa mai itatuwa ya wuce mita 300. Na ɗaga jikan na tsayar da shi a tagar ɗakinsu na ce ya ƙirga mini itatuwan da yake gani. Ya ƙirga mainar kakansa, ya ƙirga wani mangwaro a gidan da ke tsallaken titi, ya yi ta leƙe hagu da dama bai sami na uku ba.

Dattijon mai dashe ya riga ya gargaɗe ni cewa wanda ya dasa a watan Janairu ya ɗaukar wa kansa aikin ban-ruwa har saukar damina, don haka muka jera ledojin a inuwar katanga ta cikin gida, za a reno su a nan zuwa watan Yuni. Ranar Lahadi da safe, kafin in tafi tasha, ni da ɗan Adda muka ja igiya daga kusurwar katanga zuwa bakin kwata, muka kafa turaku a inda ramuka za su kasance, layi biyu a saɓe domin kada a sami giɓi. Adda ta yi magana da mai ga-ruwan unguwar a kan jarka biyu kowace safiya, ta kuma ce wa jikan ledoji biyar na farko nasa ne, shi zai riƙa ba su ruwa idan rana ta ɗaga, hayaƙin safe ya watse. Da na ɗauki jakata ya biyo ni har ƙofa da ɗan gwangwaninsa a hannu, ya ce, "Kaka, yaushe za ka dawo?" Na ce masa in Allah ya kai mu ruwan farko, da ni za a yi dashen.

Motar ta hau tudun Tumfure wajen ƙarfe tara. Na waiwaya, hayaƙin nan yana kwance a kan garin kamar ranar da na zo, hankicin kuma yana cikin aljihuna, ban wanke shi ba, domin akwai wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a jami'a a Bauchi wanda nake so in nuna wa.